Sifirin Ɗin Iska A Manyan Motoci: A Cire Ko A Gyara?

Duk wanda ya zaga wuraren sayar da manyan motoci na hannu a Ikko, ko ya tsaya a Ogere kan hanyar Badun inda tireloli kan yada zango, zai lura cewa an sami sauyi a ƙarƙashin motocin dakon kaya na ƙasar nan. A zamanin gingimari ƙirar 911, in mutum ya duƙa ya leƙa ƙasan mota, ƙarafa ne jere bisa juna zai gani, wato sifirin. A yau kuwa, da yawa daga cikin kawunan tirela ƙirar DAF da MAN da Mercedes da Volvo da Scania da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, jakunkuna ne na baƙar roba cike da iska suke ɗauke da nauyinsu ta baya. Direbobi da makanikai suna kiran su balan-balan.

Abin da aka saba gani shi ne, da zarar irin wannan mota ta shiga hannun mai ita, tun kafin ta yi lodin farko sai a wuce da ita gareji, a cire jakunkunan, a ɗaura mata sifirin na ƙarfe. Dillalan motoci na Turai ma sun gane haka, har sukan ware motocin da ke kan ƙarfe gaba da baya su tallata su ga masu saye daga Afirka. Hujjar masu cirewar a fili take. Sifirin in ya karye, da wuya a rasa mai walda a gari mafi kusa. Jaka kuwa in ta fashe da tsakar dare tsakanin Mokwa da Jebba, ga kwandunan tumatir an jibga har sama, to mai kaya sai addu'a. Wannan tsoro yana da tushe, bai kuma kamata a raina shi ba.

Sai dai wanda ya cire ya biya kuɗi sau biyu ke nan: ya sayi tsarin iska a cikin farashin mota, sannan ya sake biyan kuɗin ƙarfe da aikin ɗaura shi. Tun daga watan Yuni na 2023 da aka saki darajar naira ga kasuwa, duk wani ƙarfe ko roba da ake shigowa da shi daga waje ya ƙara tsada, saboda haka wannan lissafi ya cancanci a sake duba shi. Sau da yawa kuma ramukan hanya da ake ɗora wa laifi ba su kaɗai suke kashe jakunkunan ba. Ruwa a cikin iska, da tsayin mota da ba a saita daidai ba, da matacciyar shokazoba, da lodin da ya wuce kima, su ne kan gama da jaka tun kafin ramin ya ƙarasa ta.

Dalilin da ya sa suka yawaita

Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Firestone na Amurka ya fara aiki a kanta tun cikin shekarun 1930, kuma a 1953 kamfanin General Motors ya fitar da motocin safa masu tafiya kan iska, waɗanda kamfanin sufuri na Greyhound ya yi amfani da su a dogayen hanyoyi. A Turai kuwa doka ce ta ƙara mata ƙarfi. A 1996 Tarayyar Turai ta kafa dokar nauyin manyan motoci, inda ta yarje wa mota mai aksil uku ta kai jimlar tan 26 maimakon 25, muddin aksil ɗin da ke tura ta yana da tayoyi bibbiyu kuma yana kan iska ko abin da ya yi daidai da ita, saboda an tabbatar irin wannan mota ba ta dukan kwalta kamar mai busasshen ƙarfe. Tan guda a kowace tafiya ba ƙaramin kuɗi ba ne, don haka masu sufuri na can suka karkata ga iska. Motocin da suka gama yi musu aiki su ne suke isowa gare mu. Sababbin motocin ƙasar Sin irin su Howo galibi da ƙarfe suke zuwa, amma mai neman ta hannu daga Turai, ko ya so ko ya ƙi, zai ci gaba da cin karo da balan-balan.

Yadda jakar ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Roba ce da zare a cikinta kamar taya, an girka ta tsakanin shasi, wato ƙashin bayan mota, da aksil. Nauyin da take ɗauka ya danganta ne ga faɗinta da kuma ƙarfin iskar da ke ciki. Ana auna ƙarfin iska da bar, kuma bar 1 ya yi daidai da psi 14.5 na awon masu faci, ko kimanin kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Alal misali, jakar da faɗin inda iska ke turawa ya kai santimita 25 tana da kimanin murabba'in santimita 490. In aka ba ta bar 2 za ta ɗauki kusan tan 1, in aka ba ta bar 6 za ta ɗauki kusan tan 3. Ke nan jaka guda tana iya yin laushi idan mota ba kaya, ta kuma yi tauri idan an yi lodi. Sifirin na ƙarfe ba ya iya haka, domin an ƙera shi ne da taurin da zai ɗauki cikakken lodi, shi ya sa tirelar da ta sauke kaya take tsalle kamar ɗan akuya, tana kwance ƙusoshinta da kanta.

Ba kowane mai mota ne zai ci ribar wannan laushi ba. Wanda ke dakon ƙwai daga gonakin kaji na Oyo da Ogun, ko tayil da gilashi da kwalabe, ko firji da talabijin daga kasuwar Alaba, ko tumatir daga Kano zuwa Mile 12, tafiyar da ta kai kilomita 1,000, shi ne ya san abin da girgiza ke ci masa, domin a wurin sauke kaya ake cire masa kuɗin abin da ya fashe. Mai tankar mai ma yana da rabo, tun da girgiza na daga cikin abubuwan da ke tsaga waldar tanki. Amma mai tifar yashi da tsakuwa, ko mai ɗauko gungumen katako daga daji inda babu hanya sai ta dole, gara ya bar kaza cikin gashinta: ƙarfe ya fi masa. A nan ya kamata a faɗi gaskiya game da tumatir. Iska tana rage girgiza, amma ba ta hana kwandon sama danne na ƙasa, saboda haka wanda ya kashe kuɗi a kan jakunkuna ya ƙi sayen akwatunan roba masu hawa kan juna, rabin aiki ya yi.

Tsari mai sauƙi

Babbar mota mai birkin iska ta riga ta zo da kwamfuresa da tankunan iska, don haka ba a bukatar ƙara wani inji. Abin da tsarin ke bukata kaɗan ne: hanyar ɗebo iska daga tanki, bawul ɗin kariya, bawul ɗin daidaita tsayi, jakunkuna, shokazoba, da bututun da ke haɗa su. Duk abin da aka ƙara a kan waɗannan, an ƙara wurin da iska za ta iya tsiyaya ne.

Bawul ɗin kariya shi ne na farko a muhimmanci, ko da yake shi ne mafi ƙanƙanta. Iskar da ke cika jakunkuna ita ce dai iskar da ke tsayar da mota. Aikin wannan bawul shi ne, idan jaka ta fashe ko bututu ya cire, ƙarfin iska ya faɗo zuwa wajen bar 5, gwargwadon ƙirar mota, sai ya rufe hanyar jakunkuna ya bar sauran iskar ga birki. Motocin Turai suna zuwa da bawul mai raba iska gida huɗu wanda ke yin wannan aiki. Abin takaici, idan ya fara gardama wasu makanikai sukan zagaye shi, su jona bututun jakunkuna kai tsaye da tankin birki. Mota za ta tashi, mai ita ya biya kuɗin gyara yana murna, alhali an mayar da fashewar jaka guda ta zama matsalar birki a kan gangara. Mai mota ba sai ya iya riƙe sifana ba kafin ya tambayi bakanike ya nuna masa daga ina aka ɗebo iskar, kuma ina bawul ɗin kariyar yake.

Sai batun ruwa, wanda ya fi damun masu aiki a kudu. Iskar Ikko da Fatakwal da Warri da Kalaba cike take da danshi. Kwamfuresa yana matse ta da zafi, in ta huce a cikin tanki sai danshin ya zama ruwa, ya gauraya da ɗan man da ke biyo ta, ya zama wata irin laka mai toshe bawuloli da cin ƙarfe. Saboda haka ne ake sanya na'urar tsotse danshi tsakanin kwamfuresa da tanki. Tana da gwangwani da ake kwancewa kamar matatar mai, kuma abin da masu ƙera ta suka saba shawarta shi ne a canja shi sau ɗaya a shekara. Ga motar da ke kwana a kudu, farkon damina ne lokacin da ya fi dacewa. A ƙasan kowane tanki kuma akwai ɗan bawul na zubar da ruwa, wanda ya kamata yaron mota ya ja kowace yamma. In ruwa ya fito da yawa, gwangwanin ya mutu. In baƙin mai ne ya fito, kwamfuresan ne ya gaji, kuma sabon gwangwani ba zai daɗe ba sai an gyara shi.

Bawul ɗin daidaita tsayi shi ne ƙwaƙwalwar tsarin, ba ya kuma bukatar wutar lantarki ko kaɗan. Ana ɗaure shi a jikin shasi, yana da hannu da aka haɗa da aksil ta hanyar wani siririn sandan ƙarfe. In aka yi lodi shasi ya sauka, hannun zai ɗaga, iska ta shiga jakunkuna har mota ta koma tsayinta. In aka sauke kaya shasi ya tashi, hannun zai sauka, iska ta fita. Akwai masu sanya bawul biyu, ɗaya a kowane gefe, kuma hakan yana da amfani ga motar da kayanta kan rinjaya gefe guda. To amma bawul biyu in ba a saita su daidai wa daida ba, sai su riƙa ja-in-ja, ɗaya na cikawa ɗaya na zubarwa, kwamfuresa bai huta ba, gas yana ƙonewa a banza. Ga yawancin kawunan tirela, bawul guda ya wadatar. Wurin da ya fi rauni a nan shi ne robobin da ke bakin sandan ƙarfen nan. In ɗaya ta tsinke, ko dai mota ta zauna ƙasa, ko jakunkuna su cika har su nemi fashewa. Abin da bai kai kuɗin abincin direba na yini ba yana iya kwanar da lodin miliyoyin naira a hanya.

Tsayin da za a saita ba ra'ayin direba ba ne. Kowane kamfani ya ƙayyade tazarar da za ta kasance tsakanin aksil da shasi, kuma ana auna ta ne a fili mai laushi ɗaya, tankuna cike, an sa wa tayoyi waigi, an saki birki. Direbobi da dama suna son a ɗaga musu mota saboda ramuka, kuma ana iya fahimtar dalilinsu, amma gyaran gangar Auzinawa ne. In tsayi ya wuce ƙa'ida, farfela za ta karkace daga kusurwar da aka tsara mata, mota ta kama rawa, gaɓoɓin farfelar su cinye kafin lokacinsu, shokazoba kuma ta riƙa miƙewa har ƙarshenta a kowane tudu. In ya yi ƙasa da ƙa'ida, shasi zai riƙa dukan dungun robar da ke cikin jaka, wanda aka tanada don ranar da iska ta ƙare kawai.

Shokazoba kuwa, a motar ƙarfe ana iya yin sakaci da ita a kwana lafiya, domin gogayyar ƙarafan sifirin da junansu tana rage lilo. Jakar iska ba ta da wannan gogayya. In babu shokazoba mai rai mota za ta yi ta lilo, tayoyi su cinye gefe-gefe. Bugu da ƙari, a yawancin ƙirori ita ce ke hana aksil faɗawa ƙasa fiye da kima idan taya ta shiga rami, wato ita ce ke hana a ja jakar har ta tsinke daga mazauninta. Wanda ya canja jaka ya bar tsohuwar shokazoba mai yoyon mai, ya shirya sayen wata jakar.

Game da bututu, a nemi na roba mai tauri da aka yi musamman don birkin iska, wanda ke ɗauke da lambar SAE J844 ko DIN 74324 a jikinsa. Tiyon ruwa ko na iskar gas ba su da wuri a nan. A yanke bakinsa a miƙe da reza mai kaifi, domin bakin da aka datse da filaya ba ya zama daram a mahaɗa. A nisanta shi daga salansa, a ɗaure shi kada ya riƙa gugar ƙarfe, a kuma rage yawan mahaɗai iyakar iyawa. Ita ma jakar kanta, a tabbatar akwai tazarar yatsa biyu tsakaninta da kowane ƙarfe ko taya a lokacin da ta cika, kada kuma gas ko man inji ya riƙa ɗiga a kanta. Yashi da tsakuwa da ke taruwa a gindinta, inda robar ke naɗewa tana warwarewa, suna cin ta kamar faifan goge katako, musamman ga motar da ta ratso ƙurar hunturu daga arewa. Ruwa da sabulu sun isa wanke wurin.

Na lantarki, da haɗarin da ke cikin cirewa

Yawancin motocin Turai na baya-bayan nan ba su da bawul mai hannu. Suna da tsarin lantarki da ake kira ECAS, wanda kamfanin WABCO ya ɓullo da shi a tsakiyar shekarun 1980, inda na'urar auna tsayi ke aika saƙo ga ƙaramar kwamfuta, ita kuma ta buɗe ko ta rufe bawuloli. Yana da daɗin aiki, domin direba na iya ɗaga bayan mota ko sauke shi da maɓalli lokacin jona tirela. Amma wayoyinsa ba sa shiri da ruwan da kan mamaye titunan Apapa da damina, kuma gano cutarsa sai da na'urar bincike. A tsofaffin motoci ana iya maye gurbinsa da bawul mai hannu, a ƙara wani ɗan bawul na sauke iska don jona tirela, a zauna lafiya. A sababbi kuwa, inda kwamfutar jakunkuna ke magana da ta birki da ta giya, cire ta yana jawo wasu matsalolin, saboda haka gara a nemi wanda ya san aikin ya gyara abin da ke akwai.

Wannan ya kawo mu ga abin da masu cire balan-balan ba su cika sani ba. Babbar mota tana bukatar birki mai ƙarfi in tana da lodi, da kuma mai sauƙi in ba ta da shi, in ba haka ba tayoyin baya su kulle ta juya a kan titi. Akwai bawul da ke yin wannan rabo. A motar ƙarfe yana gane nauyi ne daga yadda sifirin ya lanƙwasa, a motar iska kuwa daga ƙarfin iskar da ke cikin jakunkuna. In aka cire jakunkunan aka toshe bututun, bawul ɗin yana iya ɗauka kullum mota ba ta da kaya, ya riƙa rage iskar da ke zuwa birkin baya alhali tana ɗauke da tan 30. In kuma aka zagaye shi, sai birki ya riƙa kamawa da dukkan ƙarfinsa ko da mota fayau take. Ko wanne aka yi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Duk wanda ya yanke shawarar komawa ƙarfe, wajibi ne a canja masa wannan bawul da irin na motar ƙarfe, a kuma saita shi. Mai sayen motar da aka riga aka juya a nan gida, wannan ce tambayar farko da ya kamata ya yi.

Akasin haka, wato mayar da babbar motar ƙarfe ta koma kan iska gaba ɗaya, aiki ne babba. Sifirin na ƙarfe yana ɗaukar nauyi, yana kuma riƙe aksil kada ya goce gaba ko baya ko gefe. Jaka nauyi kawai take ɗauka, don haka sai an kawo hannuwan ƙarfe da maratayansu da za su riƙe aksil ɗin. Hanya mafi aminci ita ce a sayi cikakken saiti daga mota irinta da aka farke, a ɗaura shi da ƙusoshi a ramukan da kamfani ya tanada. Ba a yin walda ko huda a leɓen sama ko na ƙasa na shasi, domin daga nan tsagewa ke farawa. In mota ta riga ta tsufa, kuɗin wannan aiki da wuya ya dawo.

Ƙananan motoci

Ga masu Hilux da Dyna da Canter da ke rarraba kaya cikin gari, ko kai ƙwai da burodi da ruwan leda daga wannan jiha zuwa waccan, akwai hanyar da ta fi duk waɗannan sauƙi. Ba a cire sifirin. Ana ƙara jaka guda a kowane gefe tsakanin shasi da aksil na baya don ta taimaka masa, irin waɗanda kamfanonin Firestone da Air Lift ke yi. Kowace jaka a ja mata bututunta daban zuwa bayan mota, a sa masa bawul irin na taya. Shi ke nan: babu kwamfuresa, babu waya, babu fiyus. In an yi lodi sai a tsaya wurin mai faci ya ƙara iska har mota ta daidaita, in an sauke a rage. Masu ƙera irin waɗannan jakunkuna galibi suna cewa kada iskar ta gaza psi 5 ko da mota ba kaya, don kada robar ta naɗe ta tsage, kada kuma ta wuce psi 100.

Dalilin raba bututun yana da muhimmanci. In aka haɗa jakunkunan biyu da bututu guda don a riƙa cika su lokaci ɗaya, to a kan kwana iska za ta gudu daga gefen da nauyi ya danne ta koma ɗaya gefen, mota ta ƙara kwantawa, musamman mai dogon lodi. Wanda ya nace sai ya sa ƙaramin kwamfuresa na batir don ya riƙa cikawa daga mazauninsa, to ya sa masa fiyus, ya kuma ɗaure shi inda ruwa ba ya kaiwa. Ko ya lalace, bawulolin tayar nan suna nan a matsayin madogara.

Wajibi ne a ja kunne a nan. Jaka tana daidaita mota, ba ta ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya. Aksil da birki da tayoyi da shasi suna nan yadda kamfani ya yi su. Hasali ma haɗarin iska shi ne tana ɓoye lodin da ya wuce kima, domin motar ƙarfe in an cika mata kaya tana durƙusawa kowa ya gani, ta iska kuwa tana nan tsaye cak har ranar da wani abu zai karye.

Agogon iska a matsayin sikeli

Wannan ɓoyewa tana da magani mai araha, wanda a ganinmu shi kaɗai ya isa dalilin da ɗan kasuwa zai riƙe tsarin iska. Tun da ƙarfin iskar jaka yana tafiya ne tare da nauyin da ke kanta, in aka jona agogon iska da bututun jakunkuna aka kafa shi gaban direba, an sami sikeli ke nan. A kai mota sikelin auna motoci sau biyu, sau ɗaya fayau, sau ɗaya da cikakken lodi na ƙa'ida, a rubuta abin da agogon ya nuna a kowane hali, a ja jan layi a kan na biyun. Daga ranar, direba zai san nauyin da ke kan aksil ɗinsa tun yana wurin lodi, mai mota kuma ya sami hanyar gane ko ana ɗora masa kayan da ba a gaya masa ba a hanya.

Batun ya wuce na tsakanin mai mota da direbansa. Gwajin hanya da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin aksil sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkuwa kimanin sau 16. A kan irin wannan hujja ne ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa suka kafa dokar nauyin aksil a 2005, ƙungiyar ECOWAS ta amince da ta bai ɗaya a 2012, Nijeriya kuma ta fitar da nata ƙa'idojin na manyan hanyoyin tarayya a 2018. A ƙarƙashin waɗannan dokoki, iyakar aksil guda na baya ba ta wuce tan 12 ba. Masu kai kaya Kwatano da Lome sun fi kowa sanin abin da ake biya idan sikeli ya kama mota.

Wajen sayen kaya, kasuwannin Ladipo a Ikko, da Nkpor kusa da Anacha, da Agodi Gate a Badun, da Ƙofar Ruwa a Kano, nan ne masu motoci suka saba nema. A tafi da lambar da ke jikin tsohuwar jakar, domin jakunkuna biyu suna iya yin kama a ido alhali tsawonsu da faɗinsu sun bambanta, kuma in aka haɗa mabambanta a aksil guda, gefe ɗaya zai fi ɗaukar nauyi. Hannuwan ƙarfe da tankuna na hannu ba su da laifi in ba su tsage ko sun yi tsatsa ba. Jaka ta hannu kuwa a lanƙwasa robarta a duba, in an ga ƙananan tsage-tsage ko zare ya fito, araha ba ta ado.

Idan an gama aiki, kada mai mota ya karɓe ta sai an cika tankuna, an kashe inji, an shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa an ga babu kumfa. Ƙa'idar da ake koya wa direbobi a Amurka ita ce, in an kashe inji an saki birki, iskar mota guda kada ta ragu fiye da psi 2 a minti ɗaya, mai jan tirela kuma psi 3. A bar ta ta kwana, da safe a ga ko tana nan a tsayinta. Bayan tafiyar farko da lodi a sake ɗaure dukkan ƙusoshi. A kuma gargaɗi yaran mota da na gareji cewa ba a shiga ƙarƙashin motar da iska kaɗai ke riƙe da ita sai an tokare shasi da ƙarfe ko katako mai ƙarfi, domin in bututu ya cire, saukowa take yi nan take.

A akwatin direba kuma a ajiye jaka guda sabuwa, da sandan bawul da robobinsa, da bututu mita biyu, da mahaɗai uku ko huɗu, da abin toshe bututu. In jaka ta fashe inda babu mai gyara, ana iya toshe bututunta, a lallaɓa a hankali a kan dungun robar da ke ciki zuwa gari mafi kusa. Canja ta kuwa, ga wanda ya taɓa gani an yi, aikin jak ne da sifana biyu, kuma ya fi canja karyayyen sifirin sauri nesa ba kusa ba.